ABIN DA AKA GANI A DAJIN RUGU, DA ABIN DA AKA DAWO DA SHI GIDA

 

Dalilin wannan rubutu wata tambaya ce da aka yi mana a garin Batsari, sa'ad da muka je gaisuwar ta'aziyya. Muna zaune a zaure bayan sallar La'asar, sai wani dattijo daga cikin fataken hatsi ya gyara zama ya ce, "Allah gafarta Malam, yanzu a ƙasar nan kowa ya tuba. Wanda ya kore mana shanu ya ce ya tuba. Wanda ya kuɓuto daga hannunsa ya ce ya ga ikon Allah da idonsa. Mu ma da muka kwana cikin gonaki muna salati, harsashi yana wucewa ta kanmu, babu alkawarin da ba mu yi wa Allah ba. To, yaya za a gane na gaskiya?" Mun ba shi amsa a taƙaice a wannan rana, domin zaman makoki ba wurin tsawaita bayani ba ne. Amma tambayar ta biyo mu har gida, muka ga ya kamata mu shimfiɗa ta a wannan fili, domin ta shafi ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati fiye da yadda suke tsammani.

Wanda bai san ƙasar ba, Batsari da Safana ƙananan hukumomi ne biyu masu maƙwabtaka a yammacin Jihar Katsina, sun jingina da dajin Rugu, wanda ya miƙe har ya haɗu da dazuzzukan Zamfara. Ƙasar noma ce da kiwo, Sarkin Ruma yana riƙe da Batsari, Yariman Katsina yana Safana. Abin da ya fara da satar shanu ya girma ya zama kisa da ƙona garuruwa da garkuwa da mutane don kuɗin fansa. A watan Mayu na 2019 aka kashe manoma a 'Yargamji ta ƙasar Batsari, har jama'a suka ɗauko gawawwaki 18 suka kawo birnin Katsina domin hukuma ta gani da idonta. A watan Fabrairu na 2020 aka auka wa Tsauwa da Dankar, 'yan sanda suka ce mutum 30 suka rasu, galibinsu tsofaffi da yara waɗanda ba su iya gudu ba. A watan Afrilu na wannan shekara kuma aka kashe mutum 47 a rana guda a ƙauyukan Safana da Ɗanmusa da Dutsin-ma. Ba mu kawo waɗannan don tayar da tsohon miki ba. Mun kawo su ne domin mai karatu ya san cewa mutanen da muke magana a kansu sun tsaya a bakin kabari, kuma wanda ya tsaya a nan ba ya bukatar malami ya gaya masa akwai Allah.

Daga cikin waɗanda muka zauna da su akwai wani Alhaji, mai awon hatsi, wanda aka ɗauke shi daga gidansa da tsakar dare aka shiga da shi daji. Ba za mu faɗi sunansa ko garinsu ba. Ya shafe fiye da wata guda da mari a ƙafa, a gindin itace, ruwan sha ma sai an ga dama, balle na alwala. Da taimama yake salla, a zaune, yana duban inuwa don ya gane lokaci. Ya ce mana, "Malam, shekarata hamsin da ɗoriya ina salla, na je Makka sau biyu, amma ban taɓa sanin da Wanda nake magana ba sai a gindin itacen nan. Idan na yi kabbara sai in ji kamar babu kowa a dajin, daga ni sai Shi. Yaron da yake tsarona da bindiga, wanda da safe nake rawar jiki in ya dube ni, sai in gan shi ƙanƙane, abin tausayi." Ya ce wani dare aka gaya masa in kuɗi ba su iso ba gobe za a harbe shi, kuma a wannan daren ne ya yi barcin da bai taɓa yin irinsa ba tun da aka kawo shi.

Mun gaskata shi, domin abin da ya faɗa sananne ne a wurin malamai. Sai dai a nan akwai wajen zamewa, ya kamata mu kafa ƙafa da kyau. Ba a ganin Allah da idon kai a wannan duniya, kuma Allah bai shiga cikin daji ko cikin itace ba, tsarki ya tabbata gare Shi. Malaman tauhidi sun raba kasancewar Allah tare da bayi gida biyu. Akwai ta gaba ɗaya, watau Yana tare da kowa da saninSa da jinSa da ganinSa, mumini da kafiri, wanda aka ɗaure da wanda ya ɗaure shi. Akwai kuma keɓantacciya, ta taimako da natsuwa, irin wadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwantar wa Abubakar hankali da ita a kogon Sauru, kamar yadda ya zo a Suratut Tauba, da irin wadda Annabi Musa ya dogara da ita sa'ad da teku take gabansa rundunar Fir'auna tana bayansa. Kusancin Allah ga Alhajin nan a daji bai fi kusancinSa gare shi a rumfarsa ta kasuwa ba ko da taki ɗaya. Abin da ya sauya shi ne labulen da yake kan zuciyarsa. Kuɗi, da girma, da yara masu hidima, da wayar da ake kira a biya bukata, duk an ƙwace, sai zuciya ta juya ba ta ga kowa ba sai Mai ita. Wannan shi ne ƙofar abin da hadisin Jibrilu ya kira ihsani, watau bawa ya bauta wa Ubangijinsa kamar yana ganinSa, in bai kai nan ba ya tabbata cewa Shi ana ganinsa.

To, amma Alƙur'ani bai yi mana alkawarin cewa duk wanda ya ɗanɗani wannan ya tsira ba. Ko kusa. A Suratu Yunus, da Ankabut, da Luƙman, an buga misali da matafiya a jirgin ruwa, waɗanda guguwa ta taso musu, igiyar ruwa ta rufe su ta kowane gefe, suka kira Allah da tsarkin zuciya suna alkawarin godiya, da aka fito da su gaci sai da yawansu suka koma gidan jiya. Ku lura, ya 'yan'uwa, ba a ce kukansu na cikin jirgi ƙarya ne ba. Da gaske suke yi a lokacin. Laifinsu ya zo ne bayan ƙafa ta taka tudu. Mu da ba mu da teku, dajin Rugu shi ne tekunmu, kuma bakin gaci shi ne ranar da aka kwance mari, ko ranar da gari ya waye aka ƙirga 'ya'ya aka ga sun cika.

Malaman tarbiyya, irin su Imam Ƙushairi a cikin Risalarsa, sun bambanta hali da maƙami. Hali kyauta ce, baƙo ne da yake sauka a zuciya ba da gayyata ba, ya tashi ba da sallama ba. Maƙami kuwa mazauni ne da bawa yake ginawa da wahalarsa, tubali bisa tubali, kamar tuba da tsantseni da haƙuri. Abin da Alhaji ya ji a gindin itace hali ne. Babu wanda zai iya riƙe shi, kuma babu laifi a kan wanda ya wayi gari bai same shi ba. Muna faɗin haka domin mun ga waɗanda suka dawo daga daji suka shiga damuwa, suna cewa sallarsu ta gida ba ta da ɗanɗano, har suna tuhumar kansu da munafunci. Sahabi Hanzala, wanda yana cikin marubutan Manzon Allah, watau ma'aikacin ofis ne a yaren yau, ya riga su shiga wannan damuwa. Muslim ya ruwaito cewa ya haɗu da Abubakar ya gaya masa yana tsoron ya zama munafuki, domin a majalisin Annabi yakan ji kamar yana kallon Aljanna da Wuta, amma da ya koma cikin iyali da gonaki sai ya manta da yawa. Abubakar ya ce shi ma haka yake ji. Da suka kai maganar gaban Annabi, sai ya nuna musu cewa da za su dawwama a kan wancan hali da mala'iku sun riƙa gaisawa da su a kan hanya, amma ɗan Adam lokaci ne da lokaci. Saboda haka gushewar ɗanɗano ba ita ce alamar ƙarya ba. Ana neman alama a wani wurin dabam.

A ina? Bari mu ɗauko ta daga wurin ɗan fashi, tun da maganar 'yan fashi ake yi. Fudailu ɗan Iyadu, wanda ya rasu a Makka a shekara ta 187 bayan Hijira, ya fara rayuwarsa yana tare hanya tsakanin Abiwarda da Sarakhsa a ƙasar Khurasan. Malaman tarihi sun ce wani dare yana hawan katanga zuwa ga wata yarinya, sai ya ji mai karatu yana karanta ayar nan ta Suratul Hadid mai tambayar muminai ko lokaci bai yi ba da zukatansu za su rusuna ga ambaton Allah. Ya sauko yana cewa lokaci ya yi. Ya fake a wani kango, sai ya tarar da ayarin fatake a ciki suna shawara, wasu suna cewa a tashi, wasu suna cewa a bari sai gari ya waye domin Fudailu yana kan hanya. Ya ji da kunnensa yadda sunansa ya zama abin tsoro ga Musulmi. Wannan shi ne halinsa, dare ɗaya ne. Abin da ya mai da shi Fudailun da Imam Shafi'i da Abdullahi ɗan Mubarak suka ɗauki hadisi a wurinsa, wanda ya yi wa Halifa Haruna Rashid wa'azi har ya yi kuka, shi ne abin da ya biyo bayan daren. Ya bar hanyar, ya bar ƙasar, ya zauna gaban malamai a Kufa, kuma masu rubuta tarihin bayin Allah sun ruwaito cewa ya riƙa bin waɗanda ya zalunta yana neman su yafe masa ko ya biya su. Da ya yi kukansa a kango ya koma ya ci gaba da kiwon abin da ya ƙwace, da babu wanda zai san sunansa yau.

Wannan ba baƙon karatu ba ne a zaurukanmu. Yaro mai karatun Ahalari ya san sharuɗɗan tuba: nadama a kan abin da ya wuce, da barin saɓon nan take, da niyyar ba za a koma ba har ƙarshen rai. Mai karatun Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa mayar da kayan zalunci ga masu shi yana cikin tuba. Ya kuma san hukuncin mai fashi da makami, wanda ya zo da kansa yana mai tuba tun kafin a ci ƙarfinsa, bisa ga ayar Suratul Ma'ida: haddin da yake haƙƙin Allah ne ya faɗi daga kansa, amma haƙƙin mutane, na dukiya da na jini, yana nan a wuyansa, sai an biya ko masu shi sun yafe da yardarsu. Hukuma tana iya yafe nata. Ba ta da ikon yafe saniyar marayan Tsauwa.

Jihar Katsina ta ga sulhu iri iri. An yi na farkon 2017 a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. An sake a watan Satumba na 2019, sa'ad da Gwamna da kansa ya zagaya ƙananan hukumomin bakin daji, har da Batsari da Safana, ya zauna da shugabannin 'yan bindiga. A tsakiyar 2020 ya fito ya ce sun ci amana, ba zai sake ba. A watan Janairu na 2025, a zamanin Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, rundunar soja ta ba da sanarwar cewa Abu Radde da Umar Black, waɗanda aka san su a dazuzzukan Batsari da Safana, sun miƙa makamai sun saki mutum 15, kuma a cikin wannan shekara aka yi zaman sulhu tsakanin jama'a da mutanen daji a Jibiya da Ɗanmusa da Safana da wasu wurare. Mu ba ma cikin masu zagin sulhu. Wanda yake kwana a gida mai katanga a birni ba shi da bakin da zai hana manomin Wagini ko na Runka neman hanyar da zai kai ga gonarsa. Ba kuma mu da ikon tsaga ƙirjin kowa mu ga abin da yake ciki. Abin da muke ja a kai shi ne saurin da ake yi wajen raɗa suna. Sulhu yarjejeniya ce tsakanin mutane, ana yinta har da abokin gaba, kuma tana da nata hukunci. Tuba kuwa tsakanin bawa ne da Ubangijinsa, kuma tana da shaidu waɗanda ido yake gani: an saki na ɗaure ba da karɓar ko kwabo ba, an kora shanu an mayar da su garken masu su, an daina karɓar kuɗi kafin a bar manomi ya yi shuka ko girbi, an zo gaban magada an sunkuyar da kai. Duk wanda muka ga waɗannan a wurinsa, wallahi ɗan'uwanmu ne, kuma haram ne a goranta masa abin da ya wuce. Wanda ba mu gani ba tukuna, mu kira shi wanda aka yi sulhu da shi, mu roƙa masa shiriya, mu adana kalmar tuba har ta sami mai ita.

Adalci kuma ya tilasta mu faɗi ɗaya gefen, ko da zai yi wa wasu ɗaci. Akwai Fulani makiyaya waɗanda ba su taɓa riƙe bindiga ba, aka kashe su a kasuwa ko a kan hanya da sunan sa-kai, aka ƙone rugagensu, aka cinye burtali da makiyaya aka mai da su gonaki da sa hannun masu iko. Jinin waɗannan ma jini ne. Wanda ya zubar da shi, ko ya yi kuka a sahun gaba daren 27 ga Ramadan, sharaɗin da yake kan na daji shi ne a kansa.

Yanzu sai mu juyo gare ku, ya 'yan kasuwa da ma'aikata, domin mun san da yawanku kuna karanta abin da ya gabata kuna gyaɗa kai, kuna ganin da wasu ake. Shanun da aka kora daga Batsari ba a daji aka cinye su ba. An loda su a mota, sun shiga kara, dillali ya karɓi la'ada, mahauci ya yanka, wani ya sayi bijimi a rabin kuɗinsa bai tambayi dalilin arahar ba domin ya san amsar. Babur ba ya tafiya da ruwa, kuma babu gidan mai a tsakiyar Rugu. Burodi, da ƙwayoyin maye, da katin waya, da labarin wane ya sayar da hatsi jiya yana da kuɗi a ɗaka, duk daga gari suke fita. Wannan ne ya sa a ƙarshen watan Agusta na 2021 gwamnatin jiha ta hana sayar da man fetur a jarka, ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, har da na Batsari da Safana, sa'an nan a watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na tsawon watanni. Ba don dukan 'yan kasuwa ɓarayi ne ba, Allah Ya kiyaye, galibinsu ma su ne abin ya fi cuta. Amma doka irin wannan shaida ce cewa wasu daga cikinmu suna ci daga wannan wuta. A mazhabarmu, wanda ya sayi kayan ƙwace yana sane, hukuncinsa hukuncin mai ƙwacen ne wajen lamuni. Haka nan ma'aikacin da aka danƙa wa buhunan agajin 'yan gudun hijira ya karkatar da su kasuwa, ko ya cusa sunayen danginsa a takardar waɗanda aka ƙona wa gidaje, ko ya danne fayil ɗin haƙƙin mamaci har sai gwauruwa ta kawo goro. Shi da mai bindiga sun yi tarayya a kan mutum ɗaya, ɗaya ya ɗauke saniyar, ɗaya ya ɗauke buhun da aka aiko a madadinta.

Kuma kada wani ya ce shi bai taɓa shiga daji ba, saboda haka bai taɓa jin abin da Alhaji ya ji ba. Wanene a cikinmu bai taɓa ji ba? Wanda motarsa ta ƙwace a kan hanya ta tsaya a bakin rami ya ji. Wanda ya tsaya a ƙofar ɗakin haihuwa likita ya fito fuska babu walwala ya ji. Wanda ya fara ɗora ido a kan Ka'aba, ko ya tsaya a Arfa da yamma, ya ji. Kowannenmu yana da daren da ya yi alkawari. Mu kanmu masu rawani muna da namu, kuma ba dukansu muka cika ba, Allah Ya yafe mana.

An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya gamu da wani bawa makiyayi a bayan Madina, ya jarraba shi da cewa ya sayar masa da akuya ɗaya daga garken ubangidansa, in an tambaya ya ce kyarkeci ya cinye. Makiyayin ya tafi yana nuna sama da yatsa yana tambaya, to Allah fa, ina Yake? Wannan makiyayi ba a ce ya yi wani mafarki ko ya suma a wajen zikiri ba. Abin da aka sani game da shi kawai, an miƙa masa kuɗi a wurin da babu shaida, ya ƙi. Imam Gazali a cikin Ihya'u ya yi wa wannan babi suna muraƙaba da muhasaba, ya kuma buga misalin da ɗan kasuwa zai fi kowa ganewa: ka ɗauki ranka kamar abokin cinikin da ka ba jari, ka gindaya masa sharaɗi da safe, ka sa masa ido da rana, ka zauna da shi da dare ku yi lissafi, in ya yi hasara ka ɗora masa. Babu Alhajin da zai bar yaron shagonsa shekara guda ba lissafi don kawai ya taɓa ganin yaron yana kuka a masallaci. Sahabi Ka'abu ɗan Malik ma, bayan an ƙaurace masa kwana 50 saboda rashin fita yaƙin Tabuka, sa'an nan Allah Ya karɓi tubarsa, bai tsaya ga sujadar godiya ba. Ya so ya ba da dukan dukiyarsa sadaka, Annabi ya ce ya riƙe wani abu, sai ya ɗaukar wa kansa abu guda, cewa ba zai sake faɗin komai ba sai gaskiya muddin ransa. Abu ɗaya, amma wanda ake iya bincikawa kowace rana. Shawararmu ga wanda ya taɓa samun irin wannan buɗi ita ce ya yi koyi da Ka'abu. Kada ya yi wa Allah alkawarin zama waliyyi. Ya nemi ɓarakar nan guda wadda shi da Allah suka sani, ya toshe ta tun zuciya tana da laushi, domin taushin ba ya daɗewa.

Mun san wani ma'aikaci da aka tare su a kan hanya, ya kwana uku a hannun mutanen daji, ya dawo ya yanka rago, ya tara almajirai aka sauke Alƙur'ani, ya sake fenti a masallacin unguwa. Duk alheri ne. Amma masu zuwa teburinsa sun ce goron ya ma ƙaru, domin yana neman mayar da kuɗin fansa. Ba za mu tsawaita a kansa ba.

Alhajinmu mai awo kuwa, da aka sayar da gonarsa da ɗan abin da ya tara aka fanso shi, ya dawo ba shi da ƙarfin tsayuwa. Da ya murmure, abin da ya fara yi bai yi kama da ibada ba a idon mutane. Yana da tiya biyu, kamar yadda wasu masu awo suke da su, ba sai mun yi bayani ba: mai zurfi ta saye daga hannun manoma, da wadda aka ɗan buga gindinta ta sayarwa. Ya ce mana a gindin itacen nan, cikin dukan zunubansa, wannan tiya ce take ta zuwa masa a ido, ba ya iya kawar da ita ko a cikin salla. Ya kira babban ɗansa ya sa ya fasa ta da gatari a gabansa. Sa'an nan ya sa aka rubuta masa sunayen waɗanda ya daɗe yana awo da su, gwargwadon abin da ya tuna, ya riƙa bin su ɗaya ɗaya. Waɗansu suka yi dariya suka ce Alhaji daji ya taɓa shi. Waɗansu suka yafe nan take, har da masu hawaye. Wata tsohuwa mai ƙosai ta ce ba ta yafe ba sai ya biya, ya kuwa biya ta da wake, a hankali, cikin kaka biyu. Abokan sana'a ba su ji daɗi ba, domin fasa tiyarsa tona asirin tasu ne, har wasu suka daina zama da shi.

Kada mai karatu ya ɗauka mutumin ya zama mala'ika. Har yanzu yana da saurin fushi, iyalinsa sun shaida, kuma in an ambaci waɗanda suka ɗaure shi fuskarsa takan sauya. Ya ce ya daina yi musu mugun baki, amma bai kai ga yafewa ba, mu kuma muka ce masa Shari'a ba ta tilasta shi ba, haƙƙinsa ne. Arzikinsa bai dawo ba. Rumfar da take cike da buhuna yanzu 'yan ƙwarya ne a gabanta. Muka tambaye shi, "Alhaji, abin nan da kake ji a daji in ka yi kabbara, yana nan?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Allah gafarta Malam, ya tafi. Wani lokaci da Asuba yakan leƙo kaɗan. Har kunya nake ji in faɗa, amma akwai ranar da nake kewar gindin itacen nan."

Kafin mu rabu ya ciro takardar daga aljihu, ta yi laushi don ninkewa. An soke yawancin sunayen, saura biyu. Ɗaya ya rasu a wani hari, iyalinsa sun watse ba a san inda suka nufa ba, ɗayan kuwa Bafulatani ne mai kawo masa gero, wanda tun da rikici ya yi tsanani ba a sake ganinsa a kasuwa ba. Ya tambaye mu hukunci. Muka ce masa ya yi iyakar bincike a kan su ko magadansu, in ya ɗebe tsammani ya kimanta abin ya yi sadaka da shi da niyyar ladan ya je gare su, da sharaɗin in sun bayyana daga baya ya ba su zaɓi. Ya ce na farkon zai yi masa sadakar. Na biyun kuwa ya ji ƙishin-ƙishin an ga danginsa ta wajen Runka, saboda haka zai dakata tukuna, in an girbe gero hanya ta yi kyau ya je ya tambaya da kansa.